Filin da Aka Saya da Goro da Fatiha

A shekarar 1986 Malam Mika'ilu ya yi ritaya daga aikin kafinta a reluwe, aka ba shi wa'adi ya tashi daga kwatas. Burinsa ɗaya ne: ya kafa wa iyalinsa gida kafin a fitar da su.

Sanda, wanda suka shekara ashirin suna sahu ɗaya a masallaci, ya kai shi unguwar Maitumbi ya nuna masa fili. Ya ce gadonsa ne, ba hannun kowa a ciki. Aka yi ciniki a gaban mutum biyu, tsoho Ndayako da wani surukin Sanda. Mika'ilu ya miƙa garatutinsa kaf, aka raba goro, aka shafa Fatiha.

"Ko a rubuta ne?" in ji Sanda, yana murmushi.

"Haba! Ni da kai?" in ji Mika'ilu. Kunya ce ta hana shi, Sanda kuwa ya san za ta hana shi.

Da ya koma gida matarsa Rabi'atu ta ce, "Malam, ina takarda?" Ya ce ta bar wa maza sha'aninsu.

Gini ya kai taga sai ga wani malamin makaranta, Irimiya, da takarda mai hatimi. Ashe shekara biyu ke nan da Sanda ya sayar wa Irimiya da filin.

Mika'ilu ya ce sai kotu ta raba su da Sanda. Lauyansa ya zaunar da shi, ya ce, "Baba, zamba ba a tabbatar da ita da baki. Sai ka nuna ya faɗa maka ƙarya, ya san ƙarya ce, ya faɗa ne don ka yarda, ka kuwa yarda har ka yi asara. Da yake kuma zargin laifi ne, dole hujjar ta kawar da shakka."

"Ai duk unguwa an sani."

"Kotu ba ta san unguwa ba. Wa ya ji da kunnensa?"

Ndayako dai ya rasu tun da damina. A kotu surukin Sanda ya ce goro kam ya ci, amma bai san na mene ne ba. Sanda ya tsaya ido a bushe ya ce aron wuri ya ba Mika'ilu ya ajiye katako, ko kwabo bai karɓa ba. Alƙali ya kori ƙarar.

Da hannunsa Mika'ilu ya rushe ginin, yana kwashe bulo yana hawaye. Su bakwai suka matsu a ɗaki ɗaya na haya a Bosso. Abin tausayi, dattijo mai furfura ya sake ɗaukar zarto da guduma, yana bin gidajen mutane gyaran ƙofa. Amma ya ce in dai da rai sai ya gina gidan nan.

Bayan shekara huɗu Munzali, ƙanen Rabi'atu, ya sayar masa da rabin fili a Maikunkele. Mika'ilu ya zo da takarda da biro da shaidu uku, ba dangin kowa a cikinsu.

"Haba Yaya! Ni da kai?" in ji Munzali.

"Maganar nan ita ta cinye min gida," in ji Mika'ilu. "Sa hannu, sannan mu shafa Fatiha."

Jama'a, gaskiyar da ba ta da hujja ba ta ƙwato haƙƙi a kotu. Ku rubuta, ku kafa shaidun da ba su da ɓangare, kada kunya ta hana ku.