Gwanin da Jidda Ta Samo

Allon Jidda ya shekara uku a jingine a falon gidansu da ke unguwar Al-Badi'a, kuma ruwan da ya taɓa sani shi ne na tsumman goge ƙura. Duk da haka ita ce shugabar 'yan surf, wato masu hawa igiyar ruwan teku a kan allo, a Riyadh, garin da sai ka ci kilomita ɗari huɗu kafin ka hango teku.

Su bakwai ne, 'ya'yan likitoci da na ma'aikatan ofishin jakadanci, duk haihuwar Riyadh. Sana'arsu zaman gidan kofi da riga mai zanen kwakwa da silifas, suna ɗaga wa juna babban yatsa da ƙarami. Duk wanda bai san yarensu ba, sunansa kuk, wato baƙauyen ruwa. Da wannan kalmar Jidda ta kori manema uku, har da Dakta Musaddiq likitan ƙashi, wanda laifinsa kawai ya tambaya ko allon na guga ne. Hausarta kuwa ta gaisuwa ce, magana na yin tsawo sai ta tsallaka zuwa Larabci.

Ciwon kanta Aishat ce, ɗaya daga cikinsu, wadda ta je hutu Maroko ta dawo da bidiyon daƙiƙa shida tana tsaye a kan allo. Tun ranar yaran suka fara raɗe-raɗi: shugabar da ba ta taɓa jiƙewa ba, me take shugabanta? Jidda ta san in ba ta kawo abin da ya fi daƙiƙa shida ba, kujerar ta tafi. Abin takaicin, ba ta da komai a duniya sai kujerar nan.

Ana haka, ta zo wucewa ta ƙofar kicin ta ji Hajiya Zouera, aminiyar mahaifiyarta, tana yabon wani sabon injiniya mai suna Salmanu. Yaro mai tarbiyya, in ji ta, ga rashin girman kai. Sauran bayanin ya wuce ta saman kan Jidda, amma kalma ɗaya ta maƙale mata a kunne. Abin nema ya samu.

Ta sa aka gayyato shi cin abinci. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta.

"Injiniya, wallah, da gaske ka iya surf?" ta ce, tana kaɗa harshe irin na Larabawa.

Salmanu ya sunkuyar da kai. "Hajiya ce ta tona min asiri ko? A gida ne, tun ina ɗan shekara tara."

Da ƙyar ta tatsi sauran. Da sassafe yake farawa, kafin rana ta yi zafi. Abin aikinsa na itace ne, gadon kakarsa, ya fi ƙarfin shiga jirgi. Abokai sun sha yi masa dariya, amma a unguwarsu har aikowa ake yi a kira shi. Jidda ta kusa suma don daɗi. Ba ta tambayi sunan garin ba, don a taswirar kanta Najeriya duk bakin teku ce, tunda a Legas jirgi ke sauke su.

Mako biyu bai cika ba ta ce wa iyayenta ta sami miji, ta ce wa ƙungiya ta sami gwani. Aishat ta taɓe baki ta ce gani ya kori ji. Nan take Jidda ta kama hayar istiraha a unguwar Al-Shifa, gidan shaƙatawa mai tafki da injin tayar da igiyar ruwa. Ta gayyaci kowa, har da kuk ukun da ta kora, don su ga abin da ya fi su.

"Juma'a bayan la'asar za ka nuna musu," ta ce wa Salmanu a waya.

"A gaban jama'a, Jidda? Ina injiniya?"

"In kana sona. Sun ce ƙarya nake yi."

"To, na yarda. Amma sai na nemo kayan aiki."

Ta ce akwai na haya a can, ya ce bai yarda da wanda bai gwada da hannunsa ba. Kwana uku yana bin shagunan unguwar Al-Suwaidi bayan ya tashi aiki. Jidda ta ce wa yaran haka manyan gwanaye suke.

Ranar Juma'a injin ya fara ruri, ruwa ya tashi. Wayoyi arba'in suka ɗaga sama. Aishat ta harɗe hannu, Dakta Musaddiq ya sami kujera a baya da kofin shayinsa. Jidda ta yi jawabin minti goma kan bambancin ɗan ruwa na asali da kuk, tana kallon Aishat ido cikin ido.

Sai ga motar Salmanu. Ya fito da hannun riga a naɗe, ya dubi tafkin, ya ji daɗi an tanadi ruwa kusa. Sau uku ya koma bayan mota yana sauke kaya.

Ya girke turmi a bakin tafkin, ya jingina taɓarya, ya kwance bakin buhu, sannan ya dubi jama'a cikin ladabi ya ce, "Bismillah. Gero zan fara surfa muku, ko dawa?"