Malamin da Ya Kulle Kwalabe

An yi wani malamin kimiyya a wata sakandaren gwamnati da ke bayan gari, can inda gonaki suka fara komawa fulotai. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa ba shi da kayan aiki sai alli da allo. Da yake mutum ne mai hannu, ya ƙware wajen zane: in ya zana maka kwalbar gwaji, sai ka ce ka miƙa hannu ka ɗauka. Ana nan sai iyayen yara da tsofaffin ɗalibai suka haɗa kai suka gina wa makarantar ɗakin gwaje-gwaje. Magina suka ba da ƙarfinsu, kafintoci suka yi tebura da kabad, wani mai walda ya ƙera ƙofa da tagogi, aka cika ɗakin da kwalabe da ma'auni da sinadarai da madubin likita guda huɗu. Ranar da aka damƙa wa malamin mabuɗi, ya daɗe yana shafa kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi yaran da ke leƙowa ta taga, su saba'in a aji guda, masu fasa tagar aji da ƙwallo, masu karya benci da kokawa. Ya jera komai cikin kabad, ya datse da kwaɗo, ya koma kan allonsa.

Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Kowace Alhamis yakan buɗe ɗakin shi kaɗai ya goge ƙura. Ranar rabon kyaututtuka yakan fito da kayan ya shirya su kan tebur, iyaye su zaga suna sa albarka, da la'asar ya ƙirga abinsa ya mayar. In ɗalibai suka roƙe shi, sai ya ce su bari sai jarrabawa ta matso. Malamar da ke koyar da girki ta taɓa ce masa, "Malam, ni tukwanena duk sun yi baƙi, amma yaran sun iya tuwo." Ya yi murmushi ya ce, "Malama, tukunya in ta fashe akwai ta a kasuwa. Wannan kuwa in ya fashe, wa zai sake kawo mana?" Haka aji ya shiga hannunsa ya yi shekara uku, sun haddace sunan kowace kwalba, sun iya zana ta ido rufe, amma babu wanda ya san nauyinta a tafin hannu.

Ana jibi jarrabawar fita ta gwaje-gwaje a aikace, ya buɗe kabad. Ya tarar ƴan famfunan da ke gindin dogayen kwalaben awo sun cije don rashin juyawa, robobi sun bushe sun tsattsage, wani garin sinadarin ya dunƙule kamar kanwa. Ya gyara abin da zai gyaru, ya tara yaran ya nuna musu sau ɗaya, na baya suna ɗage a kan benci ba su ga komai ba. Da ranar ta zo, aka ba kowa kwalbarsa, mai sa ido da aka turo daga hedikwata ya zauna a bakin ƙofa, malamin kuma ya tsaya gefe, doka ta hana shi buɗe baki. Wannan ya murɗa famfo da ƙarfi ya ɓalle, wancan ya ture kwalba da gwiwar hannu. A gaba akwai wata yarinya, ita ke zuwa ta ɗaya tun shigowarta, burinta aikin jinya. Ta san a littafi cewa ana ɗiga ruwa a hankali har launi ya juya, sai a tsaya a karanta ma'auni. Ba ta san ɗigo ɗaya ke juya shi ba. Ta saki famfo, launin ya juya ya wuce kafin ta ƙifta ido. Ta sake, ya sake wucewa, har ruwan da aka auna mata ya ƙare. Ta ɗago ta dubi malamin. Shi kuwa ya san daidai inda yatsanta ya kamata ya tsaya, abin da zai koya mata cikin rabin sa'a a kowace rana ta shekara ukun nan, sai ya mayar da idonsa kan tsingaron gilashin da ke ƙasa. Abin da aka fasa a safiyar nan ya fi abin da za a fasa da ana taɓa kayan kullum.

Da sakamako ya fito, kaɗan ne suka tsallake, yarinyar ba ta ciki. Mahaifinta, mai waldar nan, ya zo makaranta da takardar a aljihu. Bai ɗaga murya ba. Ya gaisa da malamin, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, ai mu mun ɗauka yaran muka kawo wa kayan." Ya yi sallama ya hau babur ɗinsa. Zangon da ya biyo baya malamin ya cire kwaɗon, ƴan aji huɗu suka fara fasa kwalabe suna koyon riƙe su. Amma waɗancan sun riga sun fita, wasu sun sake zaman jarrabawar baɗi, wasu sun kama wata hanyar.

Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.