Wa Ke Sauke Tafarnuwar Kulu?

Karo na tara ke nan Kulu na ɗaure tafarnuwa da jan zare a saman ƙofar ɗakin mijinta, karo na tara kuma gari na wayewa ta tarar da ƙusa tsirara. Abin ya ishe ta.

Tun bayan girbin gero Malam Yari ke fama da ciwon kai da jiri. Sau ɗaya ya leƙa asibiti a Gusau, ya dawo ya ce ba su ga komai ba. To, abin da likita bai gani ba ai sai mayu. Wata tsohuwa a Kwatarkwashi ta gaya mata maye ba ya ƙetare tafarnuwa, sai ya fara kawar da ita.

Shi kuwa mai ciwon, ko a jikinsa. In ta yi mita sai ya kau da fuska ya ci gaba da taunar kanumfari, ɗabi'ar da ya tsiro da ita da tsufansa. Ko tabarma ya daina haɗawa da ita. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Sai hankalinta ya koma kan Adama, maƙwabciyarta ta shekara goma sha biyu. A da kullum tana gidan. Yanzu daga zaure take sallama, mayafi a hanci. An ce laulayin ciki ne. Kulu ta ce a gaya wa wanda bai san duniya ba.

Ranar Talata a bakin rijiya, gaban mata, ta kasa haɗiyewa.

"Adama, ki sakam mini kurwar miji. Mi munka yi miki?"

Adama ta bar guganta nan ta tafi. Kafin Juma'a ba mai sayen ƙulinta, ba mai amsa sallamarta. Mijinta ya kwashe ta ya kai wa danginta a Tsafe.

Kulu ta ɗaura ta goma. Da safe, ƙusa.

Da hantsi Yari ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Aka kirawo Mannir mai kemis, ya auna shi, ya girgiza kai.

"Hawan jinin nan ne, Inna. Na yi na yi ya sha ƙwayoyin da anka ba shi Gusau, ya ce kar ki jiya, shina da maganinshi a gida."

Kulu ta zura hannu a aljihun rigarsa tana neman abin share masa gumi. Ta zaro ɓawon tafarnuwa, da jan zarenta guda goma cif.