Na Riga Kowa

"Rage gudu! Ki ja baya!" koci mai horar da mu yake ta ihu daga gefen fili.

Na ƙi. Duk shekarun da na yi ina tseren mita dubu da ɗari biyar, ƙeyar wasu nake kallo. Yau babu kowa a gabana, a ce in rage? Na ƙara wuta, na taka layin ƙarshe.

Sai igiyar da ta haɗa hannuna da na abokiyar guduna ta motsa. Ƙanwata makauniya, wadda nake yi wa jagora, tana haki tana dariya.

"Yaya, mun cinye ko?"

Na kasa ɗaga kai. A doka, jagora ba ya rigan mai tsere taka layi. Aka soke sakamakonta, lambar zinarenta ta farko ta koma wuyan wata.