Yarinya Mai Ladabi

Duk garin Kisumu an gama yanke hukunci: wai wani babba ne ya buga waya aka hana tsohuwar ɗalibata tallafin digiri na biyu a aikin jarida mai bin kadin mata, saboda ta fallasa masuntan da ba sa sayar wa mace kifi sai ta kwana da su. Shekara talatin ina shugabar makaranta, na san "wani babba" suna ne da muke raɗa wa duk abin da muke ƙyuyar bincikawa. Ga shi baɗi shekarunta za su wuce ƙa'idar neman tallafin. Na hau motar Nairobi, inda kwamitin ba da tallafin yake.

Sakatariyar kwamitin ma ni na koyar da ita.

"Mama, da wannan gwiwar kika hawo bene uku?"

"Gwiwar ta fi bakinki aiki. Wa ya buga waya?"

"Ba wanda ya buga." Ta sunkuyar da kai tana juya cokali a shayi. "Ita yarinyar da wani mai nema suka yi kunnen doki, sai muka koma kan takardun shaida. Mama, mu fa masu tsare manya da tambaya muke nema."

Ta turo mini takardar shaidar yarinyar. An rubuta yarinya ce mai ladabi da kunya, ba ta taɓa musu da na gaba ba, ba ta ɗaga murya gaban maza. Irin yabon da ake yi wa kowace 'ya mace tun muna 'yan mata.

Ni na rubuta, ni na sa hannu.