Abin da Ya Tare Faifan

Da gwaibar ya fara. Ba ta ba shi wahala ba, sara kaɗan ta kwanta a kan shinge. Tsoho ya ja ta gefe, ya share gumi da hularsa.

"Ta faɗi?" matarsa ta tambaya daga bakin ƙofa. Yanar ido ta rufe mata gani tun bara, da kunne take bin duniya.

"Ta faɗi."

"To gwada mana, Malam."

Ya ciro wayar, ya matsa can wajen rijiya, ya danna, ya kara a kunne. Ya jima a tsaye. Sannan ya mayar da ita aljihu.

"Da saura. Lemon nan ma ya tare."

Faifan yana kan rufin ɗakin ajiya, fari fat, ya daga fuska sama. Autansu ne ya sa aka kafa shi kafin ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa. Gonar tana ƙarshen hanya, inda sabis ɗin waya bai taɓa leƙowa ba. Auta ya ce wannan daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko intanet kai tsaye, ko a tsakiyar daji aka kafa shi zai yi. Ranar tafiyarsa ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, kullum za ki ji ni, har sai kin ce na ishe ki."

Mutumin da ya kafa faifan kuwa gargaɗi ɗaya ya bar musu: abin nan ba ya son komai tsakaninsa da sama. Ko reshe ne ya gitta, magana tana iya yankewa.

Da farko muryar Auta ta cika gidan. Daga baya ta koma jefi-jefi. Damina ta sauka, itatuwa suka yi ganye luf, sai shiru. Tsohuwa ta daina cin abincin kirki. Ranar da ta fara kuka a kan tabarma, ranar tsoho ya tuna mata da gargaɗin nan, ya wasa gatari.

Lemon ya bi gwaiba. Gwanda biyu suka bi lemo. Duk bishiyar da ta faɗi, tsohuwa takan ci abinci sosai kwana biyu, har ta yi waƙa tana tsintar wake da lalube. Sai tambayar ta dawo.

Maƙwabcinsu mai kiwon kaji ya saba zuwa da yamma ya jingina da shingen, yana kallon wayarsa yana ƙyaƙyata dariya. Da ya ga kututture sun yi yawa ya ce, "Baba, gawayi ka koma sayarwa ne ba mu da labari?"

"Tashi min daga nan. Kai ne kake shanye mana sabis."

"Haba Baba, ai wannan abin ko mutum goma..."

"Na ce ka tashi."

Daga ranar bai sake barin kowa ya tsaya kusa da shingen da waya a hannu ba.

Tsohuwa ta ce a kirawo mutumin da ya kafa faifan ya duba. Tsoho ya ce me zai faɗa wanda bai riga ya faɗa ba. Can ta ce, "To saura mangwaron ke nan."

Mangwaron ubansa ne ya dasa shi. Shi ne inuwar gidan, shi ne kuma abin da suke kaiwa kasuwa idan gona ta gaza. A gindinsa tsohuwa take wuni. Ta san kowace saiwa da tafin ƙafarta, nan kaɗai take tafiya ba sanda.

Ya yi ta ja mata rai. Yau gatari ya dakushe, gobe baya yana ciwo. Ita kuwa ta koma ture kwano.

"Malam," ta ce wata safiya, "inuwa ba ta taɓa ce min Inna ba. Sare shi."

Ya sare shi. Ya fara da rassa, yana sauke su da igiya don kada su fasa rufi. Hannunsa ya yi kanta, kantar ta fashe. Da gangar jikin ta faɗi, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse, haske ya zubo tsakar gidan kamar an yaye masa rufi.

Tsohuwa ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta laluba ta zauna a kan kututturen, cikin rana.

"Ka yi kiran nan mai hoto," ta ce. "Ko ban gan shi ba, shi ya gan ni."

Tsoho ya matsa wajen rijiya. Ya danna, ya manne wayar a kunnensa da hannu biyu don kada sauti ya fita. Kiran ya shiga tangaram, kamar yadda yake shiga kullum tun ranar da aka kafa faifan. Ya yi ƙara, ya sake yin ƙara, sannan daga can aka katse, kamar kullum.

"Ya shiga, Malam?"

Ya duba gabas, ya duba yamma. Babu sauran bishiyar da zai ɗora wa laifin ɗansa.