Awa Ɗaya da Ta Kusa Cin Ungozoma

Malam Tanko, tunda an ɗora maka shugabancin ma'aikata, kuma ga shi tun ba a je ko'ina ba ka fara zancen kora, gyara zama in ba ka wani misali. Daɗinsa ma ya sa ba na gajiya da ba da shi.

Akwai wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitocin karkara guda talatin. Kowane ma'aikaci in ya iso da safe sai ya dangwala yatsa a wata 'yar na'ura, lokacin isowarsa ya tafi can babbar kwamfutar da ake kira saba, ita kuma ta adana shi a rumbun bayanai, inda shugaba ke dubawa daga ofishinsa a birni. Ƙarfe takwas ake kama aiki. Ana nan, cikin tsakiyar bazara, sai sunaye suka fara yin ja a allon shugaba, alamar makara. Wanda aka sani da sammako ya koma takwas da rabi, wani har tara saura. Shugaba ya ce zafi ne ya sa mutane lalaci. Ya yi gargaɗi, suka rantse ba su makara ba, ya ce na'ura ba ta ƙarya. Da aka yi mako uku sai ya sa aka buga takardun sallama goma sha biyu, zai sa hannu ranar Alhamis. A cikinsu har da wata tsohuwar ungozoma da ta shekara ashirin da bakwai tana karɓar haihuwa, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da asibiti.

Mai kula da kwamfutocin wata injiniya ce marar yawan magana. Da ta ga sunan tsohuwar sai abin ya tsaya mata a rai. Wadda taku goma ke kai ta wurin aiki, me zai makarar da ita kullum? Ta zauna ta jero bayanan wata biyu tana bi ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta miƙe zumbur har kujera ta kife. Kowa da kowa rana guda ya fara makara, Litinin ɗin da ta biyo Lahadin ƙarshe ta watan Maris, kuma duk minti sittin cif aka ƙara musu! Ta duba inda sabar take, ashe haya aka yi a wata ƙasar Turai, agogon can take bi. Lokacin sanyinsu agogonsu daidai yake da namu, shi ya sa babu wanda ya lura. In yanayinsu ya juya kuwa, sai su tura agogo gaba da awa ɗaya. Ta mayar da sabar kan lokacin Najeriya, ta ruga ofishin shugaba ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Ranka ya daɗe, ajiye biron nan! Mutanen nan ba su makara ba. Na gyara na'urar, dangwala yatsanka ka gani."

Ya dangwala. Agogon hannunsa na cewa sha ɗaya da minti biyar, allo ya nuna sha biyu da minti biyar. Da ya ga gyaran bai ci ba, ya dube ta, ya jawo takardun gabansa zai sa hannu.

Ka san wani a nan zai sare. Ita ko sai ta roƙi minti ashirin. A hanyar komawa ta tuna cewa rumbun bayanan yana da nasa saitin lokaci daban, wanda ya ɗauka tun ranar da aka kafa shi, kuma bai san an gyara sabar ba. Ta fara kwafe bayanan duka ta ajiye gefe saboda tsaro, ta daidaita rumbun da lokacinmu, ta kashe shi ta kunna. Sannan ta bi bayanan makonni ukun nan ta cire awar da aka ɗora musu. Tana kallo jan nan ya riƙa washewa layi bayan layi, har ta kai sunan tsohuwar: bakwai da kwata, bakwai da minti goma, bakwai da kwata. Ta yi kabbara da ƙarfi har na ofishin kusa suka leƙo.

Shugaba ya sake dangwalawa. Allo da agogon hannu suka faɗi abu ɗaya. Ya ce, "Allahu akbar, na kusa ɗaukar alhakin bayin Allah!" Ya yayyaga takardun nan da hannunsa, ofis ya kaure da sowa. Washegari ya shiga mota, tafiyar awa uku, ya je har ƙauyen ya ba tsohuwar haƙuri. Ya same ta ta fito daga ɗakin haihuwa tana wanke hannu, an sami tagwaye.

To, Malam Tanko, in mutanen kirki suka sauya maka rana ɗaya, kafin ka ɗauki biro ka binciki abin da ya sauya a ranar. Ruwa ba ya tsami banza.